Darasi na Tara: Fita Yawo da Kare Cikin Kurmi

Kare ba ya cewa ya gaji. Ko ƙishi ya kama shi, ko ƙaya ta soke shi, zai ci gaba da bin ubangidansa yana kaɗa jela. Don haka duk wanda zai shiga kurmi da kare, sai ya iya gane halin da dabbar take ciki tun kafin abin ya yi nisa.

Kafin a fita

Abu na farko shi ne allurar rigakafin ciwon haukan kare. Ana fara yi wa kwikwiyo ita idan ya kai wata 3, sannan a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara. A daji karenka zai iya gamuwa da dila ko wani karen da ba shi da mai shi, kuma cizo ɗaya ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, yawancinsu ta hanyar cizon kare. Karen da ba a yi masa allurar ba, a bar shi a gida.

Sai igiya. Wadda ta kai mita 2 ta wadatar. Idan ka ɗaura masa abin wuya, ka zura yatsu biyu tsakaninsa da fatar. In sun shiga daidai, ɗaurin ya yi. In ba su shiga ba, ka shaƙe shi. Ka ɗauki gorar ruwa da ƙaramin kwano da leda.

A kan hanya

Wasu suna ganin da zarar an shiga kurmi sai a kwance kare ya sha iska. Wannan ganganci ne, sai fa ga karen da in an kira shi yake dawowa nan take. Zomo ɗaya zai gilma, kare ya bi shi, kai kuma ka wuni kana kira. Ban da haka, akwai tsuntsayen da suke ƙwai a ƙasa, akwai kuma masu tafiya da suke tsoron kare. In kun yi kiciɓis da mutane a siririyar hanya, ka taƙaita igiyar, ka ratse gefe, su wuce.

Amma kada ka riƙa fizgarsa duk lokacin da ya tsaya sunsuna. Hancin kare yana da ƙwayoyin jin wari fiye da miliyan 200, na mutum kuwa bai wuce miliyan 6 ba. Yana karanta gindin bishiya ne kamar yadda kake karanta wannan shafi. Abin da za ka hana shi kawai shi ne cusa hanci cikin rami, ko ƙarƙashin ruɓaɓɓen icce da tarin ganye, domin nan ne maciji yake fakewa. Idan tsautsayi ya sa an sare shi, kada ka tsaga wurin, kada ka ɗaure. Ka ɗauke shi a hannu don kada ya yi ta motsi, ka nufi likitan dabbobi.

Zafi ma yana kayar da karnuka, ga shi ba a cika lura da shi ba. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya kansa. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, in ya haura 41 rayuwarsa tana cikin haɗari. Alamomin su ne haki mai tsanani, dalala mai kauri, harshe ya yi jawur, sai tangaɗi. Da ka ga haka, ka kai shi inuwa, ka jiƙa masa jiki da ruwa mai sanyi, ka ba shi ya sha kaɗan-kaɗan. Shi ya sa fitar sassafe ko ta yamma ta fi. Tsohon kare da mai ƙiba da mai gajeren hanci su suka fi saurin galabaita.

Ruwan gorarka zai sha, ba na kududdufi ba. Ruwan da ya kwanta yakan gauraya da fitsarin ɓera, wanda yake ɗauke da cutar da take lalata ƙoda da hanta. In ya yi kashi, ka kwashe da leda, domin akwai ƙwan tsutsar ciki da yake kama yara.

Bayan an dawo

Nan ne masu karnuka da yawa suke sakaci. Kaska takan hau bakin ciyawa ta jira, dabba na giftawa ta maƙale. Ka zaunar da karen, ka bi jikinsa da hannu a hankali: cikin kunnuwa, ƙarƙashin abin wuya, hammata, matse-matsi, da tsakanin yatsu. In ka ji wani ɗan ƙullutu, ka buɗa gashin ka duba. Da matsefata ake cire kaska. Ka kama ta dab da fata, ka ja a miƙe ba tare da murɗawa ba, sannan ka wanke wurin da sabulu. Kada ka ƙona ta, kada ka shafa mata mai, don hakan yana iya sa ta amayar da abin da yake cikinta a jikin karen. Kai ma ka duba ƙafafunka da ƙugunka.

Cikin makonnin da za su biyo baya, idan karen ya daina cin abinci, ko ya yi lis, ko dasashinsa ya yi fari, ka kai shi wurin likita, ka faɗa masa cewa an cire masa kaska.

Aikin aji

Rubuta wurare uku da kaska take ɓuya a jikin kare. Sannan ka karanta wa na kusa da kai sakin layin da ya yi magana a kan zafi, shi kuma ya faɗi alamomin ba tare da ya duba littafi ba.