Yadda ake haɗa rauta ta biyu don wayfai ya kai ko'ina a gida ko shago

Rautar da kamfanin layi ke sayarwa ba ta iya ratsa bangon bulo uku, shi ya sa mutane ke sayen ta biyu, irin su TP-Link ko Tenda, su ja mata waya zuwa ɗakin baya. Kusan duk ɗan koyon da na gani, wuri ɗaya yake tuntuɓe. Zai soka waya, fitila ta kama, intanet ta zo, ya karɓi kuɗinsa. Kafin magariba rabin wayoyin gidan sun daina buɗe komai, a yi ta zagin kamfanin layi.

Matsalar DHCP ce. Kowace rauta da shi a kunne take fitowa daga kwali, kuma aikinsa raba wa na'urori lambar IP, wato adireshin da ake gane kowace na'ura da shi. In rauta biyu suna rabawa a gida ɗaya, an yi liman biyu a salla ɗaya ke nan. Wayar hannun da ta karɓi lamba daga sabuwar rautar za ta ɗauka ita ce ƙofar fita intanet, alhali babu layi a jikinta.

Fara da tsohuwar. A kwamfuta mai Windows buɗe cmd, rubuta ipconfig, ka duba lambar da ke gaban Default Gateway. Yawancin rautocin Huawei 192.168.8.1 ne. Rubuta lambar a burauza ka shiga shafin saitinta, ka ga daga nawa zuwa nawa take rabo, misali daga 100 zuwa 200. Rubuta a takarda.

Yanzu haɗa sabuwar da kwamfutarka kaɗai, da gajeriyar waya, ka kashe wayfai na kwamfutar. Kada ta taɓa tsohuwar tukuna. Lambar shiga da kalmar sirri suna jikin takardar da aka manna a ƙasanta.

A nan jeri yake da muhimmanci. Canza lambar LAN ɗinta tukuna, wato lambar IP ta ita kanta rautar: kashi ukun farko su zama irin na tsohuwar, ta ƙarshe ta fita daga cikin zangon rabo. A misalinmu, 192.168.8.2. Da ka adana za ta sake tashi, shafin ya ɓace. A nan ne yara ke ruɗewa, su nemo tsinke su danna riset, aiki ya koma farko. Ba abin da ya lalace, adireshinta ne ya sauya. Zare wayar ka mayar, ka rubuta sabuwar lambar a burauza. Sai ka shiga, sannan ka kashe DHCP. Wanda ya fara kashe shi kafin canza lamba zai tarar kwamfutarsa ta ɗauki lamba mai farawa da 169.254, alamar ba mai ba ta IP, kuma sai ya sa mata lamba da hannu kafin ya sake shiga.

Sai doguwar waya: daga ramin LAN na tsohuwar zuwa ramin LAN na sabuwar. Ramin WAN, wanda launinsa ya bambanta, ka liƙe shi da salatif, don wata rana mai shara zai mayar da waya can. Sababbin rautoci suna da zaɓin Access Point da ke yin duk wannan da dannawa ɗaya. In taka tana da shi, yi amfani da shi, amma a wajena wanda bai taɓa yi da hannu ba bai iya aikin ba.

Wayar kuma Cat6 ta jan ƙarfe zalla za ka saya. Mai arahar nan alminiyam ce aka yi wa fenti da jan ƙarfe, saurin karyewa gare ta. Kada tsawon ya wuce mita 100.

Sauran ba wuya. Suna da kalmar sirrin wayfai su zama iri ɗaya a duka biyun, tsaro WPA2, tasha (Channel a shafin saiti) 1 a ɗaya, 6 ko 11 a ɗayar. In ramuka sun yi kaɗan, sayi ƙaramin suwic mai rami 8 ka soka, ba ya buƙatar saiti, illa dai kada waya biyu su haɗa shi da rauta ɗaya. Canza kalmar sirrin shafin saiti kafin ka tafi, ka rubuta sabuwar lambar IP da alƙalamin maka a bayan rautar.