Darasi na 6: Awon Ciki a Ƙasar Baƙunci

A gida, da yawa daga cikinmu ba ma faɗin ciki sai ya fito fili. Kunya ce, wani lokaci kuma tsoron baki. A Ingila ko Amurka wannan jinkirin yana sa a rasa gwaje-gwajen da ba a yin su sai cikin yana ƙarami. Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2016, ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, zuwan farko kuma ya kasance cikin makonni 12 na farko. A Ingila ma an fi so ki ga ungozoma kafin mako na 10, domin a auna jininki a ga ko kina ɗauke da sikila. Idan an samu, za a so a auna na maigida shi ma.

Ki fara shan folik asid, wani nau'in bitamin, maikirogiram 400 a kullum, har mako na 12. Yana kare lakar bayan jariri. A Ingila ana ba da shawarar bitamin D, maikirogiram 10, musamman ga mai duhun fata ko mai rufe jiki, saboda rana ba ta da ƙarfi a can.

Inda aka fi samun matsala shi ne wajen magana. An koya mana sunkuyar da kai gaban babba, mu ce "to". Ungozoma kuwa idan ta ji "to", sai ta rubuta cewa kin gane kuma kin amince, ko da ba ki gane komai ba. Don haka idan magana ta shige miki duhu, ki ce: "Ban gane ba, ki maimaita a hankali." Ba raini ba ne, su kansu haka suke so.

Ki nemi tafinta tun lokacin da ake ba ki ranar zuwa, ki ambaci harshenki, ki ce kin fi son mace. A Amurka, dokar kare haƙƙin jama'a ta shekarar 1964 ta sa asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ya taimaka wa wanda ba ya jin Turanci. Kada ki sa ɗanki ya yi miki tafinta. Yaro ba zai iya faɗin maganar zubar jini yadda take ba, ke ma ba za ki iya faɗa a gabansa ba.

Za a yi miki tambayoyi masu nauyi: ɓari, kaciya, ko ana dukanki a gida. Na ƙarshen nan kowace mace ake yi wa, ba don an raina ki ba. Maganar kaciya kuma tana taimaka musu su shirya haihuwa. Idan kina shan jiƙo ko sassaƙe da aka aiko miki, ki kai shi su gani.

Zubar jini, ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu farat ɗaya, ko raguwar motsin jariri, duk ba a jiran ranar awo da su. Ki kira sashen haihuwa nan take. Lambar gaggawa ita ce 999 a Ingila, 911 a Amurka, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai.

Aikin aji: ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ta zama ungozoma, ɗaya mai ciki da ke neman tafinta mace. Bayan nan kowa ta rubuta tambayoyi uku da za ta yi a awo na gaba.