Yadda ake zaɓen tanderun gasa gilashi da tangaran

Kafin ka tura wa kowa kuɗi, fara da tambayar kanka me za ka riƙa gasawa, don zafin da kowane aiki yake so daban ne sosai. Dutsen ado na gilashi da ka murɗa a bakin wuta, irin na sarƙa ko jigida, abin da yake buƙata kawai ya huce a hankali daga wajen digiri 500 a ma'aunin Celsius. Narka gilashi biyu su haɗe su zama ɗaya kuma wajen 800 ne. Yumɓu shi ne mai cin wuta, gashin farko kusan 1000, tangaran mai ƙarfi kuwa sai 1220 har 1300. To tanderun da iyakarsa 900 ba zai taɓa gasa maka kofin tangaran mai ƙarfi ba, duk daɗin bakin mai sayarwa.

Na biyu, buɗe shi ka duba inda wayoyin zafi suke. Na gilashi marar zurfi ne mai faɗi, wayoyinsa a murfi, saboda zafin ya sauka daidai kan faranti gaba ɗaya. Na yumɓu mai zurfi ne, wayoyin a jikin bango. Na yumɓu zai iya aikin gilashi in ka rage masa gudu, amma na gilashi ba zai yi na yumɓu ba. In duwatsu ne sana'arka, nemi mai 'yar ƙofa a gaba wadda za ka zura tsinken ƙarfen da dutsen yana kai da zafinsa ba sai ka buɗe duka ba.

Na uku, wutar lantarki, kuma gaskiya nan ne aka fi yin asara. Ƙarfin tamu volt 230 ne, ƙananan tanderu na Amurka irin na kamfanonin Paragon da Skutt da yawa na 120 ne, ka karanta rubutun da ke manne a bayansa kafin ka saya. Soket na gida mai amfiya 13 bai wuce ɗaukar kilowat 3 ba, abin da ya fi haka sai mai gyaran wuta ya ja masa layinsa daban. Sannan gilashi in aka ɗauke wuta yana tsakar hucewa tsagewa yake yi, wani lokaci ma ba nan take ba, sai bayan kwanaki ka ji "ƙas" a cikin faranti bayan ka riga ka kai wa mai shi. Shi ya sa ni na fi son na bulo a kan na audugar zafi (wani abu mai kama da auduga da ke jure wuta, da ake lulluɓe cikin tanderu da shi), bulo yana riƙe ɗumi ya ba ka damar tada janareta. In unguwarku wuta ba ta zama kuma yumɓu kake yi, na gas ya fi maka kwanciyar hankali. Masu dutsen gilashi na Bida da na Krobo a Ghana ma da murhun ƙasa suke aikinsu tun kaka da kakanni.

Na huɗu, kar ka yarda da wanda ba shi da na'urar saita zafi mai lamba, wadda za ka ce mata hau kaza a awa, tsaya minti kaza, sauka a hankali. Mai maɓallin murɗawa sai ka kwana kana gadinsa.

Girma kuma auna abin da ka fi yi ka ƙara ɗan fili. In na hannu ne, kunna shi a gabanka ka ga duk wayoyin sun yi ja, ka duba bulo bai farfashe ba, ka tambaya ko ana samun wayar da sandar auna zafin a kusa.