Yadda Ake Rubuta Labarin Barkwanci Mai Tsinka Zuciya a Kan Tauraro da Masu Tsananin Sonsa

Matasan marubutan da ke kawo mini irin wannan labari in duba, wuri guda suke tuntuɓe, shi ya sa na ga gara in rubuta bayanin kowa ya samu. Salon dai shi ne: jarumin wani tsohon shirin talabijin na jiragen sararin samaniya ya halarci taron masoya, wani masoyi ya sa shi a gaba, mai karatu yana dariya gabansa kuma yana faɗuwa. Ba zan tsaya kan tsara babi ko ƙa'idar rubutu ba, wanda bai iya su ba bai kai nan ba tukuna.

Abu na farko, ka san mutanen. Masoya labaran ƙirƙirarren kimiyya al'umma ce mai tarihi a Amurka da Ingila. Tun 1926 da Hugo Gernsback ya kafa mujallar Amazing Stories, ya riƙa buga wasiƙun masu karatu har da adireshinsu, suka fara rubuta wa juna. A 1939 suka yi babban taronsu na duniya karo na farko a New York. Taron San Diego da aka fara a 1970 yanzu yana tara mutum fiye da 100,000. A 1968 kuwa, da aka ji tashar NBC za ta dakatar da shirin Star Trek, masoya suka yi mata ruwan wasiƙu, aka kuma yi zango na uku. Mutanen da suka taɓa yin haka ba sa ganin kansu 'yan kallo, masu kaya suke ɗaukar kansu, kuma a kan wannan labarinka zai tsaya.

Ka bar labarin a inda yake, cikin wani otal a can. Ba sai ka sayi tikitin jirgi ba, bidiyon tarukan nan cike suke a YouTube, ka sauke da dare lokacin da data ke da sauƙi. Ka lura da ƙananan abubuwa: layin sa hannu, takardar farashi a kan tebur, sa hannu kuɗinsa daban, ɗaukar hoto kuɗinsa daban. Ka lura da teburin da ake duba makaman wasa na masu shigar jaruman fim, a ɗaura musu alama cewa ba na gaske ba ne. Sai ka ƙaddara a labarinka zaure cike da bindigogin roba, ɗaya daga ciki ta gaskiya ce. Rabin aikinka ya kammala a nan.

Na biyu, ka ƙirƙiri shirinka na kanka. Kada ka ɗauko wanda ke akwai, akwai haƙƙin mallaka, kuma masu shi sun fi ka saninsa. Shafi ɗaya ya isa: sunan shirin, shekarun da ya yi, dalilin dakatar da shi, gaisuwar da masoya ke yi wa juna, da kashi guda da har yau ake rigima a kansa.

Na uku shi ne inda ake faɗuwa, wato masoyin kansa. Kusan kowane sabon marubuci yakan mayar da shi mahaukaci tun shafin farko: ƙazami, mai zare ido, mai magana shi kaɗai. Da ka yi haka ka kashe labarin. Ba a jin tsoron wanda aka riga aka gane, domin kowa zai kauce masa, dariyar da ake yi masa kuma ta mugunta ce, ba ta wuce babi biyu mai karatu zai gundura. Ni ƙa'idata, masoyin ya zama ya fi kowa ladabi a littafin, ya fi kowa sani, kuma a kan abin da ya shafi shirin, shi ke da gaskiya. Ka ba shi aikin yi, da uwa da yake kula da ita, da dalilin da shirin ya riƙe shi a lokacin da ba shi da kowa.

Masana biyu, Donald Horton da Richard Wohl, sun yi bayanin wannan tun 1956: mai kallo yakan ji kamar abota ce tsakaninsa da wanda yake gani a talabijin, alhali wancan bai san da zamansa ba. Ku marubutan da ke sakin littafi a WhatsApp da Wattpad kun ɗanɗani wani abu daga ciki. Ki kashe jarumar da ake so, ki ga saƙonni: "Anti, wallahi ba mu yafe ba." Wannan zafin na so ne, shi za ka ɗauka ka ƙara masa wuta.

Ga yadda nake so haɗuwarsu ta farko ta kasance. Masoyin ya daɗe a layi, hoto a hannunsa cikin leda don kada ya lanƙwashe. Ya iso teburi, bai kira tauraron da sunansa ba, ya ce, "Kyaftin, a kashi na 14 ka ce ƙofar jirgi ba ta buɗuwa daga waje, amma a na 30 ka buɗe ta daga waje. Ya aka yi?" Tauraron, wanda bai taɓa kallon shirin ba tun da aka gama ɗauka, ya ce bai tuna ba, ya sa hannu, ya ma rubuta sunan mutumin ba daidai ba. Mai karatu na dariya. Masoyin ya yi godiya, ya mayar da hoton cikin leda a hankali, sannan ya ce, "Ya jikin 'yarka? Na ga jiya ba ta je makaranta ba." Daga nan kada ka ƙara ko kalma ɗaya, ka rufe babin. Dariya da tsoro daga tushe ɗaya suka fito, wato sanin da ya wuce iyaka. Masu raba su, babi ɗaya na raha, babi ɗaya na jini, littattafai biyu suke rubutawa a bango ɗaya.

Tauraron ma kada ya zama mai girman kai kawai. Ka sa ya zama aiki ya daina zuwa masa, kuɗin sa hannun nan da su yake biyan haya. Yana gudun masoya, ba ya iya rayuwa babu su. Hakan zai hana shi tserewa daga otal ɗin ko da ya ga alamar haɗari, ba sai ka ƙirƙiro lalacewar mota ko yankewar waya ba.

Sai ka riƙe cewa haɗarin na gaske ne. A 1989 wani masoyi ya harbe 'yar wasa Rebecca Schaeffer a ƙofar gidanta a Los Angeles, tana da shekara 21, bayan ya samo adireshinta ta hannun mai bincike na haya. A 1990 jihar Kalifoniya ta kafa dokar haramta bibiyar mutum, ta farko a Amurka. Saboda haka ka yi wasa da kowa a littafin, amma ban da rauni da mutuwa. In an ji wa wani ciwo, ya ji shi har ƙarshe.

Sauran ba su da wahala. Ka tsare labarin tsakanin Juma'a da Lahadi, tsawon taron ke nan, agogo zai yi maka aikin matsi. Babi su zama gajeru. 'Yan sanda su makara, ko su kasa bambanta mai laifi da sauran masu shiga iri ɗaya. Warwarar matsalar ta fito daga wani bayani na cikin shirin da ka dasa tun farko, kuma sauran masoyan da tauraron ke raina su ne za su gane shi. In ka gama, ka ba mutum biyu su karanta, ɗaya mai son irin finafinan nan, ɗaya wanda bai damu da su ba. Inda na farko ya ji an ci masa mutunci ka gyara, inda na biyu ya ɓace ka rage bayanin shirin.