Darasi na 7: Ruwa a Ƙofar Gida, Babu Ruwa a Famfo

Ranar da ambaliya ta ci unguwa, ranar ce ruwan sha ya fi wuyar samu. Ruwa ya cika tsakar gida har gwiwa, amma babu kofi ɗaya da za a ba yaro ya sha. Shi ya sa muka haɗa matsalolin biyu a darasi ɗaya.

Ina ruwan nan yake fitowa?

Mu fara da ɗan lissafi. Idan ruwan sama ya sauka a fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, ya taru zurfin milimita 1, an samu lita 1 ke nan. To, a ɗauki rufin gida mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Idan aka yi ruwa na milimita 20, rufin nan kaɗai zai zubo lita 2,000, wato duro 10 masu cin lita 200. Gida ɗaya ke nan fa. Ku ƙirga gidajen layinku.

A daji ƙasa ce ke shanye yawancin wannan ruwa. A gari kuwa kwano da siminti da kwalta sun rufe ta, sai ruwan ya kwarara gaba ɗaya, a lokaci ɗaya, ya nufi magudana. Wanda ya shafe tsakar gidansa kaf da siminti, maƙwabcinsa na gangare ya tura wa ruwan. Ku bar wani sashe ƙasa zalla, ku dasa itace, ku kafa duro ko tanki a ƙarƙashin indararo.

Magudana

Ku je bakin kwalbatin layinku ku duƙa ku leƙa. Za ku ga leda ta maƙale a wani ɗan kara, robar ruwa ta tokare a bayanta, yashi ya taru a bayan robar, ciyawa har ta fara tsirowa a kai. Haka toshewa take farawa. Kwalbatin da yashi ya cinye rabinsa ba zai ɗauki ruwan da aka gina shi dominsa ba, ragowar sai ta bi ta ɗakunan mutane.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A yashe magudana tun kafin hadari ya fara haɗuwa, kuma a fara daga gangare a yi sama, domin ruwan ya samu mafita. Masu aiki su sa takalmin roba da safar hannu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwaso dagwalon a jibge shi a gefen kwata, a ce sai ya bushe. Ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito, wahala ta tashi a banza. A kwashe shi a ranar.

Zuba shara a kwata idan ruwa ya sauko, wai ya tafi da ita, zalunci ne ga mutanen ƙasan layi. Gini a kan hanyar ruwa ya fi wannan muni. Idan kuka ga an fara, ku haɗu ku kai maganar gaban hukuma tun ana harsashi.

Idan ruwa ya riga ya shigo

A kashe wutar lantarki daga tushe tun ƙasa na bushe. Wanda ke tsaye cikin ruwa kada ya taɓa makunni ko waya. Takardun gida da magunguna a ƙulle su a leda a ɗora sama. A fara fitar da yara da tsofaffi da marasa lafiya.

Kada a raina ruwa mai gudu. Zurfin santimita 15, wato ya ɗan wuce idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota. Ga kuma kwata marar murfi da ruwa ya ɓoye. Yara da yawa ta nan ake rasa su.

Famfo ya ƙafe

Ambaliya takan fasa bututu, ta tsayar da injinan tura ruwa. Amma akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Bututun da ke cike da ruwa, ko da ya tsage, waje yake fesowa. Da zarar ya zama fanko sai ya riƙa zuƙo ruwan da ke kewaye da shi, har da na kwata da na masai. Saboda haka ruwan da ya fara zuwa bayan an daɗe da ɗaukewa ba na sha ba ne. A bar shi ya zuba har ya washe, sannan a tafasa. Rijiyar da ambaliya ta shiga ita ma sai an kwashe ta an sa mata magani. Tsakanin rijiya da masai ana so a bar aƙalla mita 30.

Ruwa yana iya zama garau alhali da cuta a ciki. A shekarar 1854 kwalara ta kashe ɗaruruwan mutane a wata unguwa a Landan. Likita John Snow ya bi sawu ya gano famfo ɗaya suke ɗiba, ya sa aka cire hannun famfon.

Masu aikin agaji suna ƙiyasta lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da ɗan wanke jiki. Gida mai mutum 6 na bukatar lita 90 a rana, kwana 3 kuwa lita 270. A tanadi wannan a mazubi mai murfi, domin sauro na hayayyafa a buɗaɗɗen ruwa. Jarka mai ƙaramin baki ta fi bokiti, tunda hannu ba ya shiga.

Idan ruwa ya yi laka, a bar shi ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle, a tafasa har ya yi ta ɓararraka na minti 1 cur. In babu makamashi, a sa ƙwayar kulorin yadda aka rubuta a jikin fakitin, a jira minti 30. Ko a zuba ruwan da ya washe a farar robar da ake hango cikinta, a kwantar a rana mai zafi awa 6, in da gajimare sosai kwana 2.

Wanda ya fara gudawa, a dama masa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita 1 na dafaffen ruwa. Ya riƙa kurɓa a hanya, a kai shi asibiti ba tare da jira ba.

Aikin gida

Ku ƙirga mutanen gidanku, ku lissafa lita nawa za ta ishe ku kwana 3, ku duba ko mazuban da kuke da su za su ɗauka. Sannan ku bi kwatar ƙofar gidanku da ƙafa har inda take zuba, ku rubuta wuraren da ta toshe, ku zo da takardar aji na gaba.