Darasi na 9: Hayaƙin Waya da Ƙurar Dalma

Tsohuwar talabijin, mataccen firji, batirin sola, salular da ta ƙi gyaruwa, duk ƙarshensu hannun ɗan jari-bola ne. Sana'a ce ta halal, tana ciyar da gidaje da yawa. Sai dai akwai guba a cikin kayan nan, kuma ba mai aikin kaɗai take kamawa ba.

Mu fara da ƙona waya. A unguwar Agbogbloshie ta birnin Akara, kafin hukuma ta rushe filin a 2021, samari, galibi daga arewacin Gana, kan tara wayoyin lantarki su cinna musu wuta da tsohuwar taya ko soson firji. Mutum na tsaye a kan wutar yana juya ta da sanda, baƙin hayaƙi na dukan fuskarsa, har roba ta narke jan ƙarfe ya fito. Haka ake yi a bayan kasuwanninmu ma. Hayaƙin na kawo tari, ciwon ƙirji da raɗaɗin ido. Tokar kuma ta zauna a ƙasa, kaji su yi kiwo a kai. A 2019 an gwada ƙwan kajin Agbogbloshie, aka tarar da gubar dayoksin mai yawan gaske, wadda ke haddasa cutar kansa, wato ciwon daji.

Wadda ta fi ban tsoro ita ce dalma. Tana cikin batirin mota da na sola, da gilashin talabijin mai ƙusumbi, da liƙin da ke jikin allon lantarkin da ke cikin rediyo da kwamfuta. Ƙurarta ba ta wari, ido ma bai cika ganinta ba. Mun san aikinta: a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Can daga duwatsun zinariya ta fito, waɗanda ake niƙawa a cikin gidaje, amma hanyar ɗaya ce. Ƙura ta sauka a tsakar gida, yaro ya yi rarrafe, ya kai hannu baki. Uban da ya fasa batir ya dawo da rigar aiki ya ɗauki jaririnsa, ya kawo masa ita har ɗaki. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro, karatu ya yi masa wuya, wani lokaci har da jijjiga, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Tana iya sa mai juna biyu ɓari. Babba kuwa, hawan jini da ciwon ƙoda.

Wasu kan ce, "Ai in na sha madara ta wanke." Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da dalma daga jini.

Abin yi:
Fere waya da wuƙa maimakon ƙonawa. Ya fi cin lokaci, gaskiya ne, amma ƙirjinka ya huta.
Kada ka fasa batir ko ka narka dalma a gida. Sayar da shi dunƙulensa.
Ware rigar aiki da takalmi, ka bar su a wurin aiki. Yi wanka kafin ka taɓa yara.
Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kada kuma ka ci a kan tarin kaya.
Yara da masu ciki kada su zo wurin, ko da talla ne.
In yaro na yawan ciwon ciki, kasala ko jijjiga, kai shi asibiti, ka faɗa wa likita irin sana'arka, ka roƙi gwajin dalma a jini.

Tambayoyi
1. Faɗi kaya biyu da ke ɗauke da dalma.
2. Ta yaya take isa ga yaron da bai taɓa zuwa wurin aiki ba?
3. Rubuta a littafinka: A ina ake ƙona waya a unguwarku? Akwai rijiya ko mai sayar da abinci kusa da wurin?