Biki a fili cikin damina, ga yadda za a yi

Da farko in ranar ta faɗo Agusta, to ku sa a rai ruwa zai zo, Gusau ba ta wasa a watan nan. A duba hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, tun ana jibi.

Sannan masu kanofi su kafa turaku sosai, a ɗaura buhunan yashi a ƙafafun, don iskar da ke gaban hadari ita ke ɓarna, sai ka ga rumfa ta tashi sama mata na ta salati. Janareta da lasifika a ɗora kan benci, a ajiye leda kusa.

A roƙi zauren maƙwabci ko ajin firamare tun wuri.

In gabas ta yi baƙi kar a tsaya jiran kowa, a fara kwashe tsofaffi da kulolin abinci.